Tsohon Yadi Ya Gama Nuna Halinsa

Babbar riga ba ta mutuwa gaba ɗaya. Wuya ne ke fara tafiya, saboda gumi da dirzar wanki. Sai kafaɗa, inda ake naɗe hannuwa ana saukewa duk yini, sai bakin aljihu, sai ƙasan rigar da ke sharar tabarma. Amma baya da gefuna, faɗin nan da ke lilo ba ya gugar komai, sukan kwashe shekaru da ƙarfinsu. Yadi goma ake yanka wa magidanci riga da 'yar ciki da wando, amma abin da ke sa a jefa rigar ƙasan akwati sau da yawa bai wuce tafin hannu biyu ba.

Telolin karkara sun san wannan lissafi. A Mahuta da sauran garuruwan noma na tsakanin Funtua da Malumfashi, in hunturu ya kama, ana tsinkar auduga, sanyin asuba yana ratsa ƙashi, mutum kan ɗauko tsohuwar shaddarsa, ko wani zanin gado na lilin da aka tsinta a dilar gwanjo, ya kai a fitar masa da falmaran ko kwat mai shafi. Yadda tela ke karɓar wannan aiki shi ne abin lura.

Ba ya fara da almakashi. Sai ya warware tsohon ɗinki, ya wanke, ya goge, sannan ya ɗaga yadin ya kara da hasken rana. Duk inda haske ya keto sosai, zaren wurin ya ci. Ya kama da hannu biyu ya ɗan ja, in ya ji ya amsa, sai ya zagaye wurin da alli. "Alhaji, nan ya mutu," in ji shi, "amma daga nan zuwa nan ko ɗanka zai gada." Lilin ma da nasa wurin dubawa. Ba auduga ba ne, daga karan wani tsiro ake samun zarensa, wanda ake nomawa a Faransa da Beljiyam da Holan. Yana da ƙarfi, wanki kuma laushi yake ƙara masa, sai dai ba ya son ninki: inda aka daɗe ana karya shi a layi ɗaya, nan yake tsagewa. Don haka telan da ya san shi layin ninki yake fara bi.

Bayan haka ne ake awo, kuma a nan mai kaya ba ya samun yadda yake so, sai yadda yadi ya bari. In hannu ba zai fita ba, kwat ta koma falmaran. In za a yi haɗi ko shafi da sabon ƙyalle, sai an jiƙa shi ya bushe tukuna, domin sabon yadi yana tsukewa a wankin farko, ya ja tsohon ya keta shi, wani kuma ya zuba ya ɓata farin. Tsohon ba ya yin ko ɗaya. Tsukewar da zai yi ya yi, zubar da zai yi ya yi. Ya gama nuna halinsa.

Surfani ma ba a zuba shi barkatai. Ku dubi babbar riga ta ɗinkin hannu irin ta birnin Zariya, mai aska biyu ko aska takwas: aikin ya taru ne a wuya da aljihu, daidai inda riga ta fi shan wuya. Zaren da ya ƙawata wurin shi ne ya ƙara masa kauri. Haka mai gyaran tsohon yadi yake yi, ya bi bakin wuya da ramin maɓalli da kusurwar aljihu da allura, in akwai ɗan tabo a ƙirji ya ɗora masa fure ko tambari. Ado ya sauka inda rauni yake.

Kakanninmu na wannan yanki ba su buƙaci a koya musu haka ba. Matar da ta gurje auduga a kan magurji, ta shiɓe, ta kaɗa da mazari har ta tara zaren da masaƙi zai mayar da shi fari, ba za ta yar da ƙyalle don ya yage ba. Daga baya kamfanin Turawa na BCGA ya kafa injin gurza a Funtua da Malumfashi, jirgin ƙasa ya riƙa kwashe kaɗa, aka buɗe masaƙar Kaduna a 1957, ita ma Funtua ta samu tata. Yau galibin yadin da ke Kantin Kwari daga Sin yake zuwa. Tufa ta yi sauƙin samu, muka daina ɗaga ta mu duba, muka saba da sauyawa.

Inda abin ya tsaya kan tufa, da sauƙi. Sai ga shi ya shiga zamanmu. Abokin noma na shekara ashirin ya yi jinkirin biyan bashi damina ɗaya, an yanke hulɗa. Matar da aka yi gwagwarmayar rayuwa da ita ta yi kuskure guda, an miƙa mata takarda. Yaron shago da ya girma a hannu ya yi gardama, an sallame shi an ɗauko baƙo. Mun san aibin waɗannan mutane ciki da waje: wane mai saurin fushi ne amma ba ya taɓa amana, wance mai mita ce amma ba ta tona asirin gida. Aibin da aka sani an san iyakarsa, ana iya zagaye shi da alli a yi aiki da sauran. Na baƙo kuwa bai fito ba tukuna, don bai sha wankin farko ba. Shi ya sa Bahaushe ya ce da tsohuwar zuma ake magani.

Ba kowane tsohon yadi ke ɗinkuwa ba. Akwai wanda ya ruɓe duka, duk inda allura ta shiga sai ya yage, kuma telan kirki zai faɗa maka gaskiya, a yi ganwo da shi ko tsumman goge keke. Akwai ma'amalar da ita ma haka take, rabuwa ce maslaha. Amma wannan hukunci bayan dubawa yake zuwa, ba cikin fushi ba. Kafin ka raba gari da wanda kuka daɗe tare, zauna ka ƙirga abin da ya lalace da abin da ya rage. In mai kyau ya fi yawa, nemi dattijon da zai shiga tsakani, a gyara.