Ko Ya Halatta Musulmi Ya Ƙarar Da Ransa Wajen Nazarin Gangar Yaƙi?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Jama'a, tun da aka buɗe Jami'ar Tarayya a Dutse cikin 2011, samari masu neman ilmi mai zurfi sun yawaita a wannan yanki, wasunsu kuwa suna sha'awar binciken kiɗan fada da kirarin mayaƙa. Iyaye da yawa sukan tambaya: ashe mutum zai bar fiƙihu da likitanci ya zauna gaban makaɗi da alƙalami, ya ce ilmi yake nema?

Wannan fage dai ba sabo ba ne. David Ames da Anthony King sun fitar da littafin kalmomin kiɗan Hausa a 1971. Dandatti Abdulkadir ya yi digirinsa na uku a Amurka a kan Mamman Shata cikin 1975. Veit Erlmann, Bajamushe, ya wallafa bincike a 1986 game da matsayin kiɗa wurin shugabannin jihadi. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau kuma ya shafe shekaru a Jami'ar Bayero yana tattara tarihin makaɗa da waƙoƙinsu.

Ƙasar Dutse kuwa ta san amon gangar yaƙi. Tarihin Kano ya ambaci yaƙin da Sarki Kumbari, wanda ya yi mulki daga 1731 zuwa 1743, ya kawo wa Dutse zamanin Ada. A ƙarni na 19 Ningawa sun sha kawo hari ta wajen Birnin Kudu, sa'an nan a Basasar Kano ta 1893 Yusufawa suka yi sansani a Takai, maƙwabciyar Dutse. A irin waɗancan yaƙe-yaƙe tambari ne ke tara runduna, makaɗi kuma shi ke zuga barade da kirari har wanda gabansa ya faɗi ya ji kunyar juyawa. Ashe ke nan ganga makami ce, ko da ba ta da kaifi.

To, me magabata suka ce? Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya jiƙansa, a cikin Kitabul Farƙi ya zargi sarakunan Haɓe da shagala da kaɗe-kaɗe ba tare da wata manufa ta shari'a ba, amma ya yarda a buga tambari don tara runduna ko sanar da tashinta da saukarta. Wato hukunci yana bin abin da aka nufa da kiɗan.

Tarihin Madina ya fi fito da wannan a fili. Kafin Hijira, Ausu da Hazraju sun gwabza a yaƙin Bu'asu, aka yi waƙoƙi a kansa. Buhari ya ruwaito cewa ranar idi wasu 'yan mata biyu suna rera waƙoƙin nan a ɗakin Nana A'isha, Sayyidina Abubakar ya tsawata musu, Annabi (S.A.W.) ya ce a ƙyale su. Malaman tafsiri kuma sun kawo cewa wani magabcin Musulunci ya sa aka rera waƙoƙin Bu'asu a majalisar Ansaru, har suka zabura neman makamai, sai da Annabi ya zo ya kashe wutar. Waƙoƙin yaƙi ɗaya ne: a ɗakin A'isha sun zama farin cikin salla, a waccan majalisa sun kusa zubar da jinin 'yan'uwa.

Wanda bai san yadda waƙa ke ratsa zuciya ba, ta yaya zai rarrabe tsakanin waɗannan biyu? A Ruwanda cikin 1994 gidan rediyo ya yi ta sa waƙoƙin ƙiyayya lokacin kisan kiyashi, kuma a 2008 kotun duniya da ke Arusha ta ɗaure mawaƙi Simon Bikindi shekara 15 saboda kalaman tunzurawa da ya yi ta lasifika. Mu ma nan gida mun ji waƙoƙin da ke wasa 'yan bindigar daji, da na siyasa masu ingiza 'yan daba, yara suna haddace su ta waya kafin su haddace hizifi guda. Al'ummar da ba ta da masanan wannan fanni sai wuta ta kama take sanin inda aka ƙyasta ashana.

Saboda haka nazarin halal ne a ganinmu, har yana iya zama hidima ga Musulmi, amma da sharaɗi. Makaɗi cinsa yake nema, don haka kirarinsa yakan lissafa garuruwan da gwarzo ya ci, ba ya lissafa marayu da matan da aka kora bauta. Mai bincike shaida ne, shaida kuwa amana ce. In ya rubuta kirarin barde, wajibi ne ya nemi jikokin waɗanda aka kai wa harin ya ji nasu labarin. In ya tsaya ga yabo kaɗai, ya zama maroƙi mai digiri, kuma za a tambaye shi gobe ƙiyama.

Shawararmu ga iyaye ita ce kada su hana yaro wannan karatu, amma su tabbata ya fara sanin addininsa. Ga ɗalibai kuwa, tsofaffin makaɗan fadojin Dutse da Ringim da Haɗeja suna ta ƙarewa, ku hanzarta zuwa gare su da ladabi da tsoron Allah.

Allah Ya tsare harsunanmu daga tada fitina, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.