Da Me Za Mu Buɗe Darasin Magana a Gaban Jama'a?

Duk malamin da aka taɓa damƙa wa ɗaliban kwaleji don ya koya musu fasahar jawabi, ya san cewa ranar farko ita ce mai wuya. Yawancinmu mukan fara da tsayuwa: miƙe sosai, ɗaga murya, kalli jama'a, kada ka yi ta sosa ƙeya. Waɗannan duk gaskiya ne, amma anya da su ya kamata a buɗe?

Dalilin tambayar shi ne, abin da muke shirin miƙa wa yaran nan makami ne. Bahaushe ya ce magana jari ce, shi ne kuma ya ce baki shi ke yanka wuya. Wanda ya iya sarrafa harshe yana iya sulhunta 'yan'uwa, yana kuma iya haɗa gari faɗa kafin la'asar. To, idan mun wasa wuƙa mun miƙa wa yaro ba tare da mun gaya masa abin da ake yankawa da ita ba, laifin wa ke nan?

Wannan damuwa ba yau ta fara ba. Fiye da shekara 2,300 da suka wuce, a ƙasar Girka, Aflatun ya kwatanta iya zance da aikin mai girki, wanda burinsa daɗin baki, saɓanin likita mai neman lafiyar jiki ko da maganinsa da ɗaci. Ɗalibinsa Aristotal bai yarda a yi watsi da fannin ba. Ya nuna cewa abubuwa uku ke sa a gamsu da mai magana: hujjarsa, yadda ya taɓa zukatan masu sauraro, da kuma halinsa. Wato tun a wancan zamani an gane cewa mutumci yana cikin jawabi, ba kwalliya ce da ake liƙawa daga baya ba.

Mu dawo gida. Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa malamin makaranta ne kamarmu, wanda ya yi karatu a Kwalejin Katsina, kuma marubucin Shaihu Umar. Lokacin da ya yi jawabi a Majalisar Ɗinkin Duniya ranar 7 ga Oktoba, 1960, ba ihu ya yi ba. Ana yabon muryarsa, amma natsuwarsa da auna kalma kafin furta ta su suka ba muryar nauyi.

Saboda haka, a ganinmu, kafin ɗalibi ya miƙe, a tambaye shi yana zaune: me kake son faɗa, ka tabbata gaskiya ne, wa kuma zai cutu idan ba haka ba ne? Wani zai ce aikinmu koyar da fasaha ne, tarbiyya ta iyaye ce. Muna jin wannan, amma ɗalibin nan gobe shi ne a kan dandamalin siyasa, shi ne a gidan rediyo, shi ne a gaban allo. Abin da ya fara ji daga bakinmu shi zai ɗauka a matsayin tushe.

Mu marubuta ma wannan tambaya ta hau kanmu, domin alƙalami harshe ne da ba ya gajiya. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Allah Ya sa mu dace.