Ciyar da Agwagwa: Tsakanin Halaccin Nama da Haƙƙin Rai

A cikin tsuntsayen da ake kiwo a gidajen ƙasar Hausa babu wanda ya yi ƙaurin suna wajen ƙazanta kamar agwagwa, har ta kai wasu suna ƙyamar namanta alhali sun san shari'a ba ta haramta shi ba. Dalilin wannan ƙyama a fili yake, domin inda aka fi ganin agwagi shi ne bakin kwata da kwatami da kududdufin da ruwan unguwa ke taruwa, suna tsoma baki cikin taɓo suna tace abin da suka samu. Sai dai abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne ko wannan ƙazanta ɗabi'ar tsuntsuwar ce, ko kuwa shaida ce a kan mai ita, wanda ya sake ta da safe ba tare da ya zuba mata komai ba. Amsar wannan tambaya tana buƙatar a haɗa abin da malaman fiƙihu suka faɗa da abin da masana kiwo suka gano.

Agwagwar da aka fi sani a Arewacin Najeriya da Kudancin Nijar, mai jan nama a fuska, wadda ba ta da yawan kuka, asalinta daga Amurka ta Tsakiya da ta Kudu ne, kuma tana kwanci kwana 35 kafin ta ƙyanƙyashe, saɓanin kaza mai kwana 21. A inda take rayuwa a sake cikin daji, abincinta ya haɗa da ganyaye da 'ya'yan ciyawa da ƙwari da tana da katantanwa, kuma an halicci bakinta da wasu ƙananan tsage-tsage a gefe waɗanda take tace ruwa da su. Saboda haka abin da ke jan ta zuwa kwata shi ne ruwa da ɗan abin da ke motsi a cikinsa, kuma da za ta samu waɗannan biyun a wuri mai tsafta da can za ta nufa.

Malaman fiƙihu sun tattauna wannan mas'ala a ƙarƙashin kalmar jallala, wato dabba ko tsuntsun da najasa ta zama mafi yawan abincinsa. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana cin naman irin wannan dabba da shan nononta, kuma an ruwaito cewa shi Ibn Umar yakan tsare kaza kwana uku yana ba ta abinci mai tsarki kafin ya yanka. Hanbaliyya sun ɗauki hanin a matsayin haramci har sai an tsare dabbar, yawancin Hanafiyya da Shafi'iyya sun ɗauke shi karhanci idan warin najasa ya bayyana a naman, Malikiyya kuwa, waɗanda mazhabarsu ce ta fi yaɗuwa a ƙasar Hausa, sun sassauta, domin Shaihu Khalil ɗan Ishaƙ, malamin Masar na ƙarni na 14, ya lissafa tsuntsu cikin abin da ya halatta a ci ko da jallala ne.

Kuskuren da ake yi shi ne a tsaya a nan, a ɗauka cewa tunda naman halal ne to magana ta ƙare, alhali littafin Shaihu Khalil da ya halatta naman shi ne ya kawo wasu hukunce-hukunce biyu da ke mayar da nauyin kan mai kiwo. Na farko yana babin tsarki, inda aka ce kashin dabbar da ake ci mai tsarki ne sai dai idan najasa take ci, wanda ke nufin agwagwar da ta wuni a kwatami ta dawo tsakar gida tana najasta wurin da mata ke shimfiɗa tabarmar salla, kuma yara ke rarrafe. Na biyu yana babin nafaƙa, wato ciyarwar da shari'a ta ɗora wa mutum a kan wanda ke ƙarƙashinsa, inda aka wajabta wa mai dabba ya ciyar da ita idan babu makiyayar da za ta ishe ta, in kuma ya ƙi sai a sayar da ita ga wanda zai iya. Hukuncin halacci yana magana ne a kan haƙƙin mai ci, hukuncin nafaƙa kuwa a kan haƙƙin wadda za a ci, kuma sauƙin da aka samu a na farko bai sauke nauyin na biyu ba.

A nan ne mas'alar ta fi zurfi, domin mai agwagwa yana iya cewa ai ya sake ta, kuma unguwa ita ce makiyayarta. Amma makiyayar da malamai suke nufi wuri ne da dabba ke samun abin da zai rayar da ita ba tare da ya cutar da ita ba, kamar fadama ko bakin tafki mai kainuwa da ciyawa da ƙwari, inda lalle agwagwa kan ƙoshi da kanta. Kwatar birni ba haka take ba, domin ruwan da ya tsaya tare da mushe da ruɓaɓɓen abinci a lokacin zafi yana haifar da wata guba da ƙwayar cuta ke fitarwa, wadda ke shanye ƙafafun tsuntsu da fukafukansa har wuyansa ya langaɓe ya kasa ɗaga kai, ban da ledoji da baƙin man injin da ruwan sabulu da ke gangarowa. Wurin da ke kashe abin kiwo ba ya cin sunan makiyaya, kuma idan sharaɗin ya faɗi, wajibcin ciyarwa ya dawo kan mai shi.

Ita kanta ciyarwar ba cika ciki kawai ba ce. Izzuddin ɗan Abdussalam, wanda ya rasu a Alƙahira a 1262, ya lissafa haƙƙoƙin dabbobi a littafinsa Ƙawa'idul Ahkam, kuma ya sa a farkonsu cewa a ciyar da dabba gwargwadon abin da irinta ke buƙata, ko da ta tsufa ko ta yi ciwon da ba a ƙara amfana da ita. Sanin abin da irin agwagwa ke buƙata kuwa yana hannun masana kiwo, kuma sun nuna cewa 'ya'yanta suna buƙatar abincin da kusan kashi 20 cikin 100 nasa mai gina jiki ne a makonni biyu na farko, sannan a rage zuwa kusan kashi 16, kuma sun fi 'yan tsaki buƙatar wani sinadari mai suna niyasin, wanda ƙarancinsa ke sa ƙafafunsu su gwame har tafiya ta gagara. Dusar masara zalla ba ta cike wannan gurbi, sai an haɗa da tunkuza ko waken suya da aka gasa, da gara, da ganyen zogale ko alayyafo, a kuma ba mai ƙwai dakakken ɓawon ƙwai ko na katantanwa, a bar mata tsakuwar da ƙundunta ke niƙa tsaba da ita. Ruwa kuma wani ɓangare ne na abincin, domin agwagwa ba ta iya haɗiye busasshen gari sai da kurɓa, kuma tana buƙatar mazubi mai zurfin da za ta nutsa kanta ta wanke hanci da ido.

Akwai kuma wata al'ada da ake ɗauka tattali ce alhali cutarwa ce, wato zuba wa tsuntsaye masara ko gyaɗar da ta yi funfuna, bisa tunanin cewa gara su ci da a zubar. Wannan funfuna tana fitar da gubar da ake kira aflatoksin, wadda ke lalata hanta, kuma an gano gubar ne bayan kusan talotalo 100,000 sun mutu a Ingila a 1960 saboda garin gyaɗar da aka shigo da shi daga Burazil. 'Ya'yan agwagwa suna cikin halittun da wannan guba ta fi saurin kashewa, har masana sun riƙa amfani da su wajen gwada ko abinci yana ɗauke da ita. Wanda ya san haka kuma ya zuba, ya mayar da cikin mai rai juji.

Za a iya kawo hanzari biyu, kuma dukansu sun cancanci amsa. Na farko shi ne talauci, domin gidan da bai ƙoshi ba ba zai sayi buhun abincin kanti ba, sai dai shari'a ba ta ɗora wa kowa abin da ya fi ƙarfinsa ba, kuma mafi yawan abin da za a ba agwagwa, dusa da ƙanzo da ƙasari da gara da ganye da kaskon ruwa, kulawa yake buƙata fiye da kuɗi, wanda kuma ya kasa riƙe goma yana iya riƙe uku. Na biyu shi ne cewa ƙarshenta wuƙa ce, kuma Hausawa sun ce sabo da kaza ba ya hana yanka ta. Gaskiya ne, amma hadisin Shaddad ɗan Aus da Muslim ya ruwaito ya nuna cewa an wajabta kyautatawa har a lokacin yanka, kuma idan an nemi ihsani, wato yin abu a mafi kyawun fuskarsa, a 'yan daƙiƙun ƙarshe, to watannin da suka gabace su sun fi cancanta da shi.

Ma'aunin wannan kyautatawa bai tsaya ga yawan abinci ba, domin a Faransa ana ɗura wa agwagi masara ta bututu na kusan mako biyu don hantarsu ta kumbura a sayar da ita da tsada, kuma wannan ƙoshi ne da ya zama azaba. Wanda ya bari da yunwa da wanda ya ɗura da ƙarfi sun haɗu a wuri guda, domin dukansu sun auna tsuntsuwar da amfanin kansu kaɗai, alhali aya ta 38 ta Suratul An'am ta bayyana tsuntsaye a matsayin al'ummomi kamar na mutane, kuma Buhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma bar ta ta nemi abincinta ba. Agwagwar gida ta rabu da fadamar da za ta ciyar da ita, kuma wanda ya raba ta da ita shi ya ɗauki lamunin abin da fadamar ke bayarwa. Idan aka gan ta a kwata da hantsi, wanda ya kamata a tambaya shi ne mai gidan da ta fito daga cikinsa, a kan abin da ya zuba a kaskonta tun da asuba.