Kowa Ya Bar Gida, Gida Ya Bar Shi

Idan dattijo ya dubi matashin da ya ɗaure jakarsa ya ce masa "kowa ya bar gida, gida ya bar shi," yaron yakan ɗauka baki ake yi masa. Alhali mutanen ƙasar Dutse ba su taɓa ƙyamar tafiya ba. Tun zamanin kakanni, da an gama girbin gero da dawa a Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu, samari ke watsewa cin rani, sai an ga hadarin fari su dawo su ɗauki fartanya. Abin da dattijon ke nufi shi ne gida ba ya tsayawa jiran kowa. Ana haihuwa, ana rasuwa, ana rabon gona, ana naɗa mai unguwa. Wanda aka daɗe ba a ji ɗuriyarsa ba, a hankali sai a daina ajiye masa kasonsa, ba don ƙiyayya ba, don dai an saba da rashinsa.

Cin ranin yau kuwa ya yi nisa, kuma ba kullum damina ke dawo da mutum ba. Mai karatu zai tuna watan Agusta na 2019, lokacin da jami'an gwamnatin Legas suka tare wata babbar mota ɗauke da mutum 123 daga Jigawa da babura 48, aka yi ta cece-kuce kafin a sake su. Neman halak ya fitar da su. Irinsu na nan birjik a Agege da Mile 12 da Idi-Araba, wasu shekara biyu ba su ga duwatsun Garu da ke Dutse ba. To me ke haɗa su da gida?

Amsar da na gani da idona ba ta da wani girma: ƙwallo. Ina da ƙane da ke dako a wata kasuwar Legas. Kowace Asabar yana gidan kallo yana ihu kan Arsenal, kamar kowa. Amma ranar da yaran unguwarmu ke da wasa da na maƙwabta, ba ya iya cin abinci sai ya bugo waya ya ji sakamako. Wa ya tsare gida? An sa yaron nan na gidan maƙera kuwa? Daga tambayar ƙwallo sai a zarce: ai mai tsaron gidan ya yi aure, ai mahaifin kocin ba shi da lafiya, ai ruwa ya ci katangar masallaci. Minti goma da ya fara da maganar bugun fanareti yakan ƙare da ta'aziyya ko barka. Shi da abokansa suna da zaure a WhatsApp, kuma can suke haɗa kuɗin jesi da ƙwallo duk lokacin gasar Sallah. Ba wani kuɗin a zo a gani ba ne, amma sunansa bai fita daga bakin mutane ba.

Arsenal ba ta san da zamansa ba. Ko ta ci ko an ci ta, babu wanda zai zo daga Landan ya yi masa jaje ranar da ya yi rashi. Ban ce a daina kallon ƙwallon Turai ba, ni ma ina kallo, amma soyayya ce ta gefe guda.

Akwai kuma Kano Pillars, wadda mutanen Jigawa da yawa ba su taɓa saki ba. Ba abin mamaki ba ne, domin an kafa ta a 1990, shekara guda kafin a yanke Jigawa daga Kano ranar 27 ga Agusta 1991. Kirarinta ma gida yake ambata: Sai Masu Gida. Ta ɗauki kofin gasar ƙasa a 2008, sannan sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014, kuma duk wanda ya zauna Kudu a lokacin ya san yadda ɗan Arewa ke ɗaga kai idan Pillars ta zo ta ci wasa a garin da yake baƙunci. Ahmed Musa, wanda aka haifa a Jos amma ya yi suna a Pillars, ya buga a Rasha da Ingila da Saudiyya, sai ga shi a 2021 ya dawo ya sa jesin ƙungiyar. Mutanen Kano sun karɓe shi hannu bibbiyu ne saboda duk tsawon tafiyarsa bai yanke ƙafa ba.

Sai dai karin maganar ba matafiyi kaɗai take yi wa gargaɗi ba, kuma nan ne ta fi yi mini ciwo. Ƙungiyarmu ta jiha, Jigawa Golden Stars, ta hau babbar gasar ƙasa a 2019. Amma a kakar 2020/2021, wasanninta na gida a filin Ahmadu Bello da ke Kaduna ta buga su. A ce wasan gida, amma sai ɗan Dutse ya bi ta Kano, ya ratsa Zariya, kafin ya isa gidan nasa! Ga shi kuma lokacin annobar korona ne, an taƙaita shigar 'yan kallo. A ƙarshen kakar ta faɗo ƙasa tare da Warri Wolves da Adamawa United da FC Ifeanyi Ubah. Ba zan ce nisan gida kaɗai ya kayar da ita ba, ƙwallo tana da dalilai da yawa. Abin da na sani shi ne yaron da ke Takur ko Shuwarin bai ga 'yan wasan jiharsa a fili ba a shekarar da suka fi bukatar ihunsa, kuma yaron da bai gan ka ba, ba zai girma yana kewarka ba. Idan gobe ya tafi Legas, me zai bugo waya ya tambaya?

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Waya ta rage nisa, amma ba ta zama ƙafa ba. Ɗan'uwana da ke cin rani, in Allah ya hore maka kuɗin mota lokacin Sallah, bayan ka gama kallon hawa, ka je bakin filin unguwarku ka tsaya cikin ƙura har a tashi, yaran su san fuskar wanda ke aiko musu da jesi. Ku kuma da ke gida, kada ku jira sai shi ya kira. Ranar wasa ku buga masa ku faɗa masa ci nawa aka yi.