Ladabin Muridi Idan An Taɓa Addininsa A Dandalin Sada Zumunta

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci ɗan Adam, Ya ba shi harshe, Ya kuma sa mala'iku suna rubuta abin da harshen ya furta. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, tambayar da matasan zawiyoyi suke yawan kawo wa muƙaddamai a wannan zamani ita ce: idan na buɗe waya na ga wani yana izgili da addini, ko yana taɓa darajar Ma'aiki (SAW), ko yana kiran shehunanmu da munanan sunaye, kuma yana cewa 'yancinsa ne na faɗin albarkacin baki, me ya wajaba a kaina? In yi shiru, ina tsoron a ce ba ni da kishi. In yi magana, ina tsoron abin da zai fito daga bakina. Tambaya ce ta mai imani, don wanda zuciyarsa ba ta motsi idan an taɓa Annabi, sai ya binciki soyayyarsa. Amma motsin zuciya daban, abin da hannu zai rubuta kuma daban, a nan ne tarbiyya take aiki.

Su wane ne muke jayayya da su?

Adalci ya fara da sanin abin da abokin jayayya yake faɗa. Akwai masu aƙidar da suke kira ɗan'adamtaka, waɗanda suke ganin hankalin mutum kaɗai ya isa ya bambance alheri da sharri, ba sai da wahayi ba. Akwai kuma masu fafutukar kare haƙƙin ɗan Adam, da yawansu musulmi ne masu salla, damuwarsu kawai kada a kashe ko a ɗaure mutum ba bisa shari'a ba. Wanda ya haɗa waɗannan biyun ya yi musu hukunci ɗaya, ya zalunci na biyun.

Hujjarsu ita ce sanarwar haƙƙin ɗan Adam da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita a birnin Paris ranar 10 ga Disamba, 1948. Sashe na 18 yana magana kan 'yancin addini, na 19 kan 'yancin ra'ayi da furta shi. Sai dai yarjejeniyar 1966 kan haƙƙoƙin farar hula da na siyasa, wadda Nijar ta shiga a 1986, ta bayyana a sashenta na 19 cewa wannan 'yanci yana tafiya da nauyi, kuma doka za ta iya sa masa iyaka don kare mutuncin wasu da zaman lafiyar jama'a. Sashe na 20 ya ce a haramta kiran ƙiyayyar addini da ke tunzura mutane ga wariya ko tashin hankali. Faransa kanta tana da doka tun 1990 mai hukunta wanda ya musanta kisan kiyashin da aka yi wa Yahudawa. Ke nan kowa ya yarda magana tana da iyaka. Saɓanin yana kan inda za a ja layin. Su suna cewa doka tana kare mutum, ba ta kare aƙida. Mu muna cewa Annabi ya fi mana kanmu da iyayenmu, wanda ya taɓa shi ya taɓa mu a wurin da ya fi ciwo. Wannan saɓani ne na gaskiya, kuma ana iya faɗarsa ƙarara ba tare da ashar ba.

Darajar ɗan Adam kuwa ba baƙuwa ba ce a wurinmu. A Suratul Isra'i, aya ta 70, Allah Ya ba da labarin karrama 'ya'yan Adam baki ɗaya, bai keɓe wata ƙabila ko wani addini ba. Ya tabbata a Bukhari cewa an wuce da gawar wani Bayahude, Manzon Allah (SAW) ya miƙe tsaye, da aka gaya masa ko gawar wane ce, sai ya tunatar da sahabbai cewa shi ma rai ne. Inda muka rabu da masu ɗan'adamtaka shi ne tushe: mu mun ce Mahalicci ne Ya ba da wannan daraja, don haka babu mai ƙwace ta, ko da kuwa mu ne muka yi fushi.

Abin da ƙasarmu ta ɗanɗana

Ba sai an ba mu labarin wata ƙasa ba. A watan Janairun 2015, bayan harin da aka kai wa jaridar Charlie Hebdo a Paris, jaridar ta sake fitar da zanen ɓatanci. Ranar Juma'a 16 ga wata, bayan an sauko daga masallaci, Damagaram ta kama da wuta. Washegari abin ya kai Yamai. Mutum goma suka rasa rayukansu. 'Yan sanda suka ce an ƙona majami'u 45 a Yamai kaɗai. Malamai suka fito a talabijin suna kiran a kwantar da hankali, gwamnati ta sa zaman makoki na kwana uku.

Ku tsaya ku duba lissafin. Masu zanen suna Faransa, babu abin da ya same su daga wutar da aka kunna a nan. Wanda aka ƙona wa ɗakin ibada maƙwabcinmu ne, ɗan ƙasarmu, wanda muke haɗuwa a kasuwa da asibiti, bai zana komai ba, wataƙila ma bai taɓa ganin jaridar ba. Alhali Alƙur'ani ya maimaita a surori da dama cewa babu ran da zai ɗauki laifin wani, kuma a Suratul Ma'ida, aya ta 8, ya hana ƙiyayyar wasu mutane ta kai mu ga barin adalci. A Sakkwato ma, a watan Mayun 2022, saƙon murya ne a zauren WhatsApp na 'yan aji ya kai ga taron jama'a suka kashe wata ɗaliba, har Majalisar Sarkin Musulmi ta fito ta yi tir da kisan.

Littafin Ashafa da muke karantawa kowane watan azumi ya yi dogon bayani a ƙarshensa kan hukuncin wanda ya taɓa mutuncin Annabi. Amma mai littafin, Alƙali Iyal, alƙali ne, kuma malaman mazhabarmu ta Malikiyya sun tafi a kan cewa zartar da hukunci aikin shugaba ne da alƙalinsa, bayan shaidu da bincike. Yaron da ya ji rabin saƙon murya da aka turo masa bai zama alƙali ba, bai ma zama shaida ba.

Yadda Ma'aiki ya fuskanci masu cutar da shi

Ƙuraishawa sun juya sunansa mai daraja zuwa kishiyarsa, suna zagin wannan sunan da suka ƙirƙira. Sai ya nuna wa sahabbai cewa Allah ne Ya kawar da zagin daga kansa, tunda wanda suke zagi wani ne daban. A Ɗa'ifa suka jefe shi har jini ya zuba, mala'ikan duwatsu ya nemi izinin halaka mutanen, ya ƙi, yana fatan a sami masu bauta wa Allah daga tsatsonsu.

Akwai kuma ƙissar Sayyidina Abubakar (RA), wadda kamar don zamaninmu aka ruwaito ta. Wani mutum ya yi ta zaginsa a gaban Annabi, yana shiru, Annabi yana zaune. Da abin ya yi yawa ya rama, sai Annabi ya tashi. Ya bi shi yana tambayar dalili, aka sanar da shi cewa muddin yana shiru mala'ika ne yake rama masa, da ya buɗe baki sai Shaiɗan ya shigo wurin. Idan wannan ne halin Siddiƙu a kan ramuwa ɗaya, yaya halin wanda ya kwana yana musayar zagi har aka kira asalatu, lazimin safe ya zo masa zuciya cike da sunan abokin gaba?

Abin da muridi zai riƙe

Na farko, ya tabbatar da labari kafin ya motsa, kamar yadda Suratul Hujurati, aya ta 6, ta yi umarni. Ana ƙirƙirar hoton rubutu, ana yanke murya, ana buɗe shafi da sunan wanda bai san da shi ba.

Na biyu, kada ya yaɗa ɓatancin. Waɗannan dandamali an gina su ne su ƙara nuna wa jama'a duk rubutun da ake yawan tsokaci a kansa da turawa, ko na yabo ne ko na tsinuwa. Maganar da mutum ashirin za su gani ta mutu, fushinmu ne yake kai ta ga dubbai. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Mai kwafo zagi ya zuba a zauren 'yan'uwa da sunan a gani a yi Allah wadai, shi ya kai ƙazantar gidajen da ba ta san hanyarsu ba.

Na uku, ya tashi daga majalisar izgili. Suratun Nisa'i, aya ta 140, ta hana zama inda ake izgili da ayoyin Allah har sai an sauya magana. A yau tashin shi ne fita daga zauren, da toshe shafin, da kai ƙararsa ga masu dandalin. Cikin sharuɗɗan ɗariƙa ma akwai nisantar zama da masu sukar Shehu.

Na huɗu, kada ya rama da zagin abin da wani yake girmamawa. Suratul An'ami, aya ta 108, ta hana zagin gumakan mushirikai, don kada su rama da zagin Allah. Duk zagin da ka jawo, kana da kaso a cikinsa.

Na biyar, raddi aikin masu ilimi ne, da hujja da lafazi mai kyau. An aiki Annabi Musa da Annabi Haruna wurin Fir'auna, aka umarce su da magana mai laushi. Imamu Gazali ya lissafa cututtukan harshe ashirin a cikin Ihya'u, ya sa jayayya da musu a cikinsu, saboda mai musu yakan fara don Allah ya ƙare don kansa. Kuma a lura, wani mai tambaya ba maƙiyi ba ne, matashi ne da shubuha ta shige shi. In ya sami zagi sai ya ƙara nisa, in ya sami malami mai haƙuri sau da yawa yakan dawo.

Na shida, in abin ya kai ga ɓata suna ko tunzura jama'a, akwai hukuma. Nijar tana da dokar laifukan intanet tun 2019.

Wanda ƙirjinsa ya yi zafi bayan duk wannan, ya ajiye waya, ya yi alwala, ya ɗauki carbi ya yawaita salati. Allah Ya riga Ya ɗaukaka ambaton Annabinsa, babu alƙalamin da zai rage shi. Abin da ya rage a hannunmu shi ne wanda bai san Annabi ba ya ga halinsa a cikin rubutunmu da mu'amalarmu.

Ya Allah Ka tsare harsunanmu da hannayenmu daga cutar da bayinka. Ka ƙara mana son Ma'aiki da koyi da halayensa. Ka shiryi wanda ya ɓata, Ka zaunar da Nijar da maƙwabtanta lafiya, Ka jiƙan iyayenmu da shehunanmu. Allah Ya yi daɗin tsira ga shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Amin.