Neman Ilimi da Haƙƙin Iyali a Rayuwar Shehu Usmanu

Tambaya ce daɗaɗɗiya a wurin malaman Musulunci: mutumin da ƙishin sani ya kama, wanda ba ya gajiya da bincike har tsufansa, yaya zai yi da haƙƙin matarsa da 'ya'yansa? Karatu yana cin lokaci, yana son kaɗaici, sau da yawa kuma sai an bar gida kafin a same shi. Iyali su kuma suna bukatar ganin maigida. Akwai manyan malamai da suka rasu ba su yi aure ba, irin su Imamu Nawawi, wanda ya rasu a 1277, da Ibnu Taimiyya, wanda ya rasu a 1328.

Addini bai yanka wa neman ilimi wa'adi ba. A aya ta 114 cikin Suratu Ɗaha an umarci Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya roƙi Ubangijinsa ƙarin sani. Suratul Kahfi ta ba da labarin Annabi Musa, da annabcinsa da darajarsa, ya yi tattaki don ya koyi abin da bai sani ba a wurin wani bawan Allah. Amma sunna ba ta bar mai karatu ya fake da wannan ya yi watsi da gida ba. Buhari ya ruwaito cewa Malik ɗan Huwairis ya zo Madina tare da wasu samari sa'o'insa, suka yi kwana 20 suna ɗaukar karatu. Da Annabi ya lura kewar gida ta kama su, sai ya tambaye su wa suka baro, sannan ya umarce su da su koma cikin iyalansu, su zauna da su, su koyar da su. Bai ɗauki komawar a matsayin yanke karatu ba. Ci gabansa ne.

A ƙasar Hausa babu wanda ya fito da wannan fahimta a aikace kamar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. An fi tuna shi da jihadi da kafa daula, amma kafin wannan da bayansa almajiri ne kuma magidanci. An haife shi a Maratta cikin ƙasar Gobir a 1754, ya tashi a Degel, ya yi karatun Alƙur'ani a hannun mahaifinsa. Daga nan ya dinga bin malamai: ya lazimci Usmanu Binduri wajen shekara 2, ya karanta Sahihul Buhari a wurin Muhammadu ɗan Raji, ya bi Malam Jibrilu ɗan Umar har Agadas. Ya fara wa'azi yana da kimanin shekara 20, amma hawa buzun malami bai hana shi komawa ya durƙusa gaban wani malamin ba. Ko bayan da ƙasa ta zo hannu, sai ya danƙa sha'anin mulki ga ƙaninsa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello, ya zauna a Sifawa yana karantarwa yana rubutu, kafin ya koma Sakkwato inda ya rasu a 1817.

Abin da ya bambanta shi da malamai da yawa na zamaninsa shi ne inda ya fara kai karatun. A littafinsa Nurul Albab ya soki malaman da suke wuni suna koyar da almajiran waje, alhali matansu da 'ya'yansu mata suna cikin gida ba su san hukuncin alwala da salla da azumi ba. Ya ga hakan a matsayin bin suna da son girma, domin karantar da na waje yana jawo yabo, na cikin gida kuwa ba mai gani. Wannan suka har yau tana da kaifi. Ana samun gidan da zaurensa ke cika da masu ɗaukar karatu tun bayan asuba, ana jan baƙi ana fassara, amma uwargida da ke bayan katanga tana dama koko ba ta da wanda za ta tambaya hukuncin jinin biƙi. Irin wannan malami ya tauye amana, komai yawan littattafansa.

Shehu bai tsaya kan gidansa kaɗai ba. Ya bar mata su halarci wa'azinsa, har wani malami, Mustafa Gwani, ya zarge shi da cakuɗa maza da mata. Abdullahi ne ya mayar da martani da izinin Shehu, yana mai kafa hujja da cewa barin mata cikin jahilci ya fi muni.

Amsar da rayuwarsa ta bayar ita ce gida ya zama makaranta ta farko. Lokacin da aka ba iyali ba a ɗebe shi daga na karatu ba, tunda su ne almajiran. Sakamakon ya bayyana a 'ya'yansa. Bello ya wallafa littattafai masu yawa, ciki har da Infaƙul Maisur. Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma kafa tsarin 'Yan Taru: tana naɗa wa dattijuwar mace malfa a matsayin jaji, ita kuma ta jagoranci matan ƙauyensu zuwa ɗaukar karatu, su koma su koyar da na gida. Mijinta, Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, shi ya tattara labarin Shehu a Raudul Jinan.

Hadisin da Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira ya ambaci abubuwa 3 da ladansu ba ya yankewa bayan mutuwa: sadaka mai gudana, ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi wa mahaifinsa addu'a. Wanda ya karantar da iyalinsa yana haɗa biyu na ƙarshe da aiki guda. A gidan Giɗaɗo da Asma'u karatun bai tsinke ba: daga tsatsonsu Waziri Junaidu ya fito, wanda aka haifa a 1906, ya zama Wazirin Sakkwato a 1948, masu binciken tarihin daular daga gida da waje suka yi ta sallama a zaurensa har ya rasu a 1997.