Sabis a Zamfara: Sadaka ko Haƙƙi?

Ranar 3 ga Satumba 2021 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su kashe turakunsu a faɗin jihar Zamfara. Gwamna Bello Matawalle ne ya nemi haka, don a raba 'yan bindiga da infomominsu, a kuma toshe musu hanyar cinikin kuɗin fansa. Mako biyu aka ce za a yi. Gusau ba ta sake ganin sabis ba sai farkon Oktoba, sauran sassan jihar kuwa sai ƙarshen Nuwamba. A kwanakin farko mutane kan shiga mota daga Gusau, su ratsa Tsafe har Funtuwa, don kawai su kira ɗan'uwa ko su tura kuɗi. Ba a jima ba Katsina ma ta rufe sabis a ƙananan hukumomi 13, har da Funtuwar.

Wata huɗu kafin nan, a Mayun 2021, kamfanin Microsoft da gwamnatin tarayya suka shelanta shirin koya wa 'yan Najeriya miliyan 5 fasahar zamani cikin shekara uku. Ma'aikata ɗaya ce ke kan al'amuran biyu, wadda Isa Ali Pantami, minista kuma malamin addini, yake jagoranta a lokacin. Bayansa Bosun Tijani ya zo da 3MTT a ƙarshen 2023, shirin horar da matasa miliyan 3, aka fara da 30,000. Kamfanin turaku na IHS ya sa naira biliyan 1, MTN da Airtel ma suka kawo nasu. Jihar Zamfara kanta tana da hukumar fasaha, ZITDA, a Gusau.

A bukukuwan ƙaddamar da irin waɗannan shirye-shirye akan ji kalmomin tallafi da gudummawa da alheri, a yi hoto, a yi godiya. Tambayar da fiƙihu zai yi ita ce: wannan abu da ake bai wa talaka, kyauta ce da mai ita zai iya janyewa, ko bashi ne da ake binsa?

Malaman usulu sun daɗe da raba buƙatun mutane hawa uku. Akwai larura, wadda rayuwa ba ta tsayuwa sai da ita. Akwai buƙata, wadda rashinta ke jawo ƙunci, sannan akwai ƙawa. Shaɗibi, malamin Malikiyya na Andalus da ya rasu a 1388, shi ya fi kowa faɗaɗa wannan bayani. Shekara ashirin da suka wuce wayar salula a Bungudu ƙawa ce, ta attajiri da ma'aikacin gwamnati. Yanzu ta hau sama, kuma gwamnati ce da kanta ta hau da ita. Tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya a kwamfuta ake yin ta. A Disambar 2020 aka wajabta haɗa layi da lambar NIN, daga 2021 kuma ɗalibi ba ya rajistar JAMB sai da ita. A ƙarshen 2022 aka sauya fasalin naira, a farkon 2023 tsabar kuɗi ta ɓace, mai sayar da hatsi da mai shayi suka koma jiran alat, masu POS suka zama bankin unguwa. Zamfara na cikin jihohi uku na farko, tare da Kaduna da Kogi, da suka kai ƙarar gwamnatin tarayya Kotun Ƙoli a kan lamarin, suka yi nasara ranar 3 ga Maris.

To, wanda ya toshe duk ƙofofi ya bar guda, ba shi da bakin kiran makullinta kyauta. Ƙa'idar malamai ce cewa abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne. Idan yaron Kwatarkwashi ba zai shiga Jami'ar Tarayya ta Gusau ba sai ya iya riƙe linzamin kwamfuta, koya masa ya shiga sahun farali na kifaya, inda Gazali ya ajiye likitanci da lissafi da saƙa: in wasu suka yi an ɗauke wa kowa, in aka rasa mai yi laifin na al'umma ne duka, shugaba a gaba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya faɗi kusan haka a wasiƙarsa ga Ummarun Dallaje na Katsina, inda ya ɗora wa mai mulki samar da masu sana'a a kowane gari da kula da kasuwanni da hanyoyi. Dokar sadarwa ta 2003 ma ta yarda da wannan nauyi, shi ya sa ta kafa asusun USPF don kai sabis inda riba ba za ta kai kamfani ba.

Wannan bai sa kamfani ya zama mai laifi ba. Ciniki halal ne, kuma wanda ya koya wa saurayi aiki da manhajarsa yana fatan gobe ya zama abokin cinikinsa, babu aibi a ciki muddin an kira abin da sunansa. Aibin yana wajen hukumar da za ta fake da bikin kamfani ta ce ta sauke nauyi. A Janairun 2025 NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin 100. Wanda aka koyar kyauta, data dai da kuɗinsa zai saya, kuma a sabon farashi.

Masu son ba da misali da rijiyar Ruma, wadda Sayyidina Usmanu ya saya a Madina ya mai da ita waƙafi, su lura da abin da ya bambanta ta: ya saya ne ya saki, ya ɗebi ruwa kamar kowa, ba ta ƙare da ƙarewar yarjejeniya ba. Zamfara, jihar da ta fara ƙaddamar da Shari'a a 1999 zamanin Ahmad Sani Yariman Bakura, take kuma da hukumar zakka da waƙafi, ta san wannan babi sarai. Ba abin da zai hana cibiyar kwamfuta mai hasken rana a Tsafe ta zama waƙafi kamar yadda masallaci da rijiyar burtsatse suke.

Batun rufe sabis na 2021 ya fi wuya, kuma ba adalci ba ne a yi masa hukunci da garaje. Kare rai yana gaba da kare dukiya, kuma shari'a ta yarda a ɗauki ƙaramar cuta don tunkuɗe babba. Da waya ake cinikin fansa, da ita infoma ke ba da labarin motsin sojoji. Amma da ita ce kuma ɗan ƙauye ke sanar da jami'an tsaro cewa ga babura nan tafe, da ita mai naƙuda ke neman mota. Larura, in ji malamai, ana auna ta ne gwargwadonta. Mako biyu da ya koma kusan wata uku yana buƙatar a zauna a auna abin da aka samu da abin da aka rasa, musamman da yake hare-hare ba su ƙare ba bayan an dawo da sabis.

Saura tambayar wa ake kaiwa gare shi. Neman gurbi a 3MTT ta intanet ake yi, da Turanci, wato wanda ya riga ya shiga ne ake ƙara shigarwa. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta fuskanci irin wannan matsala da matan karkara da ba za su iya zuwa Sakkwato ko Wurno karatu ba. Sai ta naɗa waɗanda ake kira jaji, dattawan mata da ke zuwa wurinta su ɗauki karatu cikin Hausa da Fulatanci su koma da shi ƙauyukansu, tsarin da aka sani da 'Yan Taru. Matar aure a Bungudu da ke sayar da ƙuli-ƙuli daga cikin gida ta riga ta iya aika saƙon murya a WhatsApp ba tare da kowa ya koya mata ba. Abin da take buƙata shi ne macen da za ta shigo gidan ta nuna mata yadda ake gane alat na bogi, da dalilin da ya sa ba a faɗa wa mai kira lambar BVN ko lambar sirri ko da ya ce daga banki yake.